Rumbun da Gwaggo Hajo Ta Ƙi Buɗewa

Da an idar da sallar asuba, Gwaggo Hajo ba ta komawa kan tabarma. Takan ɗaura tsohon zanenta na aiki, ta fara da awaki. Ta share kashinsu ta kai ramin taki, ta zuba musu harawa, ta tatsi mai shayarwa. Daga nan sai bakin rijiya. Ruwan da aka yi alwala da shi da na wanke-wanken jiya ba ya zubewa a banza, akwai 'yar hanyar da ta yi masa zuwa gindin gwanda da gwaza. Tokar murhu tana da tukunyarta. Kaji ba sa fitowa daga akurki sai ta ga an tare sabbin tsirrai da ƙaya. Kafin rana ta ɗaga ta zagaya kowace kusurwa ta gidan, tana taɓa ganye, tana jujjuya shi, tana yi wa kabewa faɗa in ta hau inda ba a sa ta ba.

Haka take yi tun Tudun Wada tana 'yan bukkoki a bayan ganuwar Zariya, har zuwa daminar bana da gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta miƙa fartanyarta ga Maijidda, matar da ke zaune tare da ita. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata a faɗa wa mutane ko wace ce ita tun tana iya jin abin da ake faɗa.

Filin gidan ba wani fili ba ne. Mutum zai tsaya a wannan dangar ya yi magana da wanda ke waccan ba tare da ya ɗaga murya ba. Amma a cikinsa akwai dawa da gero da wake da masara, akwai rogo da dankali, akwai kuɓewa, rama, yakuwa, barkono da gauta. Dangar kanta zogale ce da lalle. Akwai 'yan kunyoyin auduga a gefe, amya a kan tsamiya, tantabaru a cikin fasassun tulunan da ta kafa a bango. Man da ake miya da shi a gidan aka matse shi, sabulu a gidan aka dafa shi da toka, daddawa daga 'ya'yan yakuwarta ce, zanen da ke jikinta ita ta kaɗa zarensa. Maƙwabta sun shaida cewa in ban da gishiri da allura, ba su san abin da ke kai Gwaggo Hajo kasuwa saye ba.

Ba a nan aka haife ta ba, ita kanta ba ta san sunan garinsu ba. An kamo ta tana yarinya, ta tashi baiwa a wani rinji da ke kudu da birni, inda bayi ke noma wa ubangijinsu. A can ta yi ƙuruciyarta a sunkuye, a can aka haɗa ta aure da Salmanu, wani bawa mai sanyin hali wanda ya iya saƙa. Allah bai bar musu haihuwa ba. Da Turawa suka ci ƙasa, igiyar bauta ta yi sako-sako, bayi suka fara watsewa, su ma suka ɗauki ƙunshinsu suka nufo Zariya. Cikin birni ba wurin baƙo irinsu, sai aka nuna musu sabuwar unguwar da ake yanka wa baƙi.

Mai unguwa na lokacin, Malam Dalhatu, ya ce musu filaye masu kyau duk an rabar. Abin da ya rage wani gefe ne da magina suka kwashe ƙasarsa suka yi tubali, suka bar jan marmara da rami.

"Ko ciyawa ba ta fitowa a nan," in ji shi. "Ku dai kafa bukka ku sami wurin kwana."

Hajo ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, in mun zauna, namu ne?"

"Naku ne."

"Ba wanda zai zo da kaka ya ce a auna masa?"

"Ba kowa. Me ma za a auna a kan dutse?"

Ta yi godiya. Salmanu ya sha faɗa wa mutane cewa a ranar bai ga ta ci abinci ba, zagaya wurin kawai take yi tana taka shi da ƙafa.

Abin da ya biyo baya, tsofaffin unguwa sun gani da idonsu. Matar nan a ka ta ɗauko gonarta. Da rani takan sauka rafin Kubanni da kwando, ta ciko baƙar ƙasa, ta hauro, ta juye, ta koma. Ta bi jujin unguwa tana kwasa. Ta bi inda Fulani suka tashi tana tsintar kashin shanu. Ta roƙi matan unguwa tokarsu da ƙaiƙayinsu. Ramin da magina suka bari, ita da Salmanu suka ƙara masa zurfi har suka tarar da ruwa, ya zama rijiya. Daminar farko ba ta sami abin kirki ba sai 'yan kabewa. Ta biyu wake ya yi. Sannu a hankali jan wurin ya yi duhu, ya yi laushi, har tana tura hannu ya nutse.

A lokacin, matan da suka fito daga bauta babu abin da suka tsana kamar fartanya. Kowace so take ta shiga ɗaki ta zauna kamar matan birni, don a san ita ma 'ya ce. Sukan leƙo ta danga su ce mata, "Hajo, an 'yanta ki, ke ba ki 'yanta kanki ba?"

Takan ce, "A rinji na noma wani ya ci. Ku bar ni in ɗanɗana in ji yadda nawa yake."

Akwai wata al'ada tata da ba wanda ya kula da ita sai daga baya. Kowace kaka, kafin a yanka komai, takan bi shukar tana zaɓen zangarniyar da ta riga sauran nuna, ta ware. Haka wake, haka gero, haka masara. Ta sa Salmanu ya gina mata ɗan rumbun ƙasa a bayan ɗaki, ta riƙa zuba irin a ciki da toka, ta yaɓe bakin da laka. Abin da take warewa ya fi ƙarfin filinta nesa ba kusa ba. In Salmanu ya yi magana sai ta ce iri ba ya yin yawa.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya, kasuwar auduga da gyaɗa ta buɗe. Masu gonaki a bayan gari suka rage hatsi suka cika ƙasa da abin sayarwa. Maƙwabcinsu Kailani, wani magini mai iyali da yawa, yana cikinsu. Ya shigo ya ba Salmanu shawara su tuge tarkacen nan su zuba auduga zalla, hatsi ai ana sayensa a kasuwa.

Hajo tana jin su daga bakin murhu. Ta ce, "Malam Kailani, ranar da aka fara tuƙa tuwon auduga ka zo ka faɗa mini, ni zan fara tugewa."

Aka yi dariya aka tashi.

Ba a daɗe ba aka shiga shekarar da har yau manya ba sa son tuna ta. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Hatsi ya bushe a tsaye. Kafin rani ya yi nisa, kasuwar da ake taƙama da ita ta zama wayam, mai abin saye ma bai sami na saye ba. Mutane suka riƙa gangarowa daga arewa, iyali-iyali, wasu na faɗuwa a hanya. Aka ci dusa, aka ci ƙaiƙayi, aka tona gidajen tururuwa ana neman tsaba. Waɗanda suka ajiye iri suka daka shi suka sha kunu.

A duk gefen nan, gidan Hajo kaɗai ke da kore, saboda rijiya da ƙasar da ta ɗauko a ka. Ba ta jira an roƙe ta ba. Ta ɗora babbar tukunya a ƙofar gida, kullum tana dafa rama da zogale da kabewa, ta barbaɗa ɗan garin da ya samu, duk wanda ya zo da ƙoƙo a zuba masa. Hatsin cinsu ya ƙare a tukunyar nan. Dankali ya bi, kaji suka bi, tantabaru suka bi, awaki suka bi ɗaya bayan ɗaya. A cikin masu zuwa da ƙoƙo ne Maijidda ta zo, wata mata daga arewa wadda mijinta ya rasu a hanya. Hajo ta ce ta shigo ta taya ta jan guga, ba ta sake fita ba.

Abu ɗaya ne ta ƙi taɓawa: rumbun iri. Kuma kowa ya san yana nan.

Salmanu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura irin kumburin yunwa, don shi da ita abin da ake zuba wa kowa shi suke ci. Hajo takan zauna kusa da shi tana ba shi ruwan ganye da ludayi, tana sane da cewa a bayan bangon da ya jingina akwai abin da zai iya tayar da shi. Maijidda ta ce akwai ranar da ta ga Hajo ta ɗauki dutse ta nufi rumbun, ta tsaya a gabansa har inuwa ta juya, sannan ta ajiye dutsen ta koma bakin rijiya.

Wata rana bayan azahar Kailani ya shigo ba sallama, da gatari a hannu, maza suna biye da shi. Shi da kansa yake ba da labarin nan yau, ba ya rage komai. Ya ce mahaifiyarsa ba ta iya tashi, 'ya'yansa sun daina kuka.

"Gwaggo, ki matsa," ya ce. "Ba faɗa na zo yi ba."

Ta tsaya a gaban rumbun. "In aka fasa shi yau, unguwar nan za ta ci tuwo 'yan kwanaki. Bayan nan fa? In Allah ya saukar da ruwa, me za ka jefa a rami?"

"Matacce ba ya shuka."

"Gaskiya ne. Amma wanda ya rayu ba iri, shi ma gawa ce da ba a kai ba tukuna. Ka san akwai wani iri da ya rage a unguwar nan?"

Ya ɗaga gatarin.

A nan Salmanu ya fito daga ɗaki da rarrafe. Ya ja jiki har gindin rumbun, ya jingina bayansa da shi, ya miƙe ƙafafunsa a gabansu.

Ya ce, "Kailani, dubi nan. Ni ma na roƙe ta, ni da na gina shi da hannuna. Ta hana ni, na yi fushi, na kwana ina tunani, na ga ita ke da gaskiya. In za ka sara, ka fara ta kaina."

Kailani ya ce gatarin ne ya yi masa nauyi, bai san lokacin da ya sauke shi ba.

Hajo ba ta tsaya kallon kunyarsa ba. Ta je ta kwance akuyarta ta ƙarshe, mai nono, wadda ita ce ke riƙe da ran Salmanu, ta danƙa masa igiyar. Ta ce, "Kai wa yara. Kada ka yanka, tatsa za ku yi. Ganyen da za ta ci, ka aiko a karɓa." Sannan ta juya ga sauran mazan, ta nuna musu kunyoyin rogon da take tattali, ta ce su tone a raba, amma kowa ya dawo mata da karan, don shi ma iri ne.

Ba kowa ne ya kai ba. Mahaifiyar Kailani ta rasu, ya daina gaishe da Hajo, in ya hango ta sai ya sauya hanya. Akwai waɗanda suka kira ta mara imani a bayan idonta, alhali da ƙoƙonsu a tukunyarta.

Da ruwan farko ya sauka, unguwa ta taru a ƙofar gidanta. Ta fita ta tona ƙasa da hannu, ta ga laimar ba ta shiga ba, ta ce ba yau ba. Wannan ya fi komai yi wa mutane ciwo, har wani ya jefi dangarta. Rana ta buɗe, ƙasa ta sake bushewa ƙurmus. Da an shuka a ranar, da an binne irin ke nan. Sai da mamakon ruwa ya zo, wanda ya cika kududdufai, sannan ta ɗauki dutse ta fasa bakin rumbun.

Ba ta raba shi hakanan ba. Ta san abin da yunwa ke sa mutum. Ta sa Maijidda ta jiƙa ɓawon maɗaci, aka yayyafa wa irin, aka cuɗe shi da toka yadda ko ɓera ba zai ci ba. Aka riƙa ba kowane gida abin da zai shuka, da karan rogo, da 'ya'yan kabewa. Hajo da kanta, duk da yunwar da ke jikinta, ta riƙa bin gonaki da bayan gidaje, tana duba ko an sa a ƙasa, tana nuna wa waɗanda ba su taɓa riƙe sungumi ba yadda ake yi. Rabon Kailani, da bai zo karɓa ba, ita ta kai masa har gida ta ajiye a zaure.

Irin ya fito. Da yake zaɓaɓɓe ne mai saurin nuna, mutanen Tudun Wada suka gasa tumu tun wasu ƙauyuka suna jira. Salmanu bai ci ba. Ya ga tsiro, ya ga hatsi ya kai gwiwa, Allah ya karɓi abinsa.

Da kaka Kailani ya sungumo damin dawa ya kawo ƙofar gidanta, ya sauke shi. Hajo ta fito ta dubi damin, ta zaro zangarniyoyin da suka fi cika, ta miƙa masa.

Ta ce, "Waɗannan ba na ci ba ne. Je ka gina musu rumbu, ai kai magini ne."

Yau babu gidan da ke layinsu da ba shi da ɗan rumbun iri a bayan ɗaki, yawancinsu ginin Kailani.

Maijidda ta taɓa tambayarta, bayan shekaru, ko da ta buɗe rumbun Salmanu zai rayu. Hajo ta ce, "Ba ranar da ban tambayi kaina ba. Wata rana in ce kwanansa ne ya ƙare, wata rana in ce ni ce. Allah ne ya san wace ce gaskiya. Amma da za a maido ni ranar, a gaban rumbun nan za a same ni."

Gwaggo, ke ce kika sami dutse kika mai da shi gona. Ke ce kika ciyar da waɗanda suka yi miki dariya, kika jure zagin waɗanda kike ciyarwa. Bayarwa a lokacin yunwa abu ne mai wuya, amma an ga waɗanda suka yi. Abin da ba mu ga wani ya yi ba sai ke, shi ne hana kanki, da hana wanda kika fi so a duniya, saboda mutanen da a ranar ba sa ko son ganinki. Ba ki haifa ba, amma manyan mutanen da ke zaune a rumfunan kasuwar nan, da yawansu da ludayinki suka tsallake. Garka mai ci da gari, ba a yi miki kiɗa ba, ba a naɗa miki rawani ba, ke ma ba ki nema ba.

A kwanakin baya Maijidda ta raka ta kasuwa sayen gishiri. Suka tarar da wani baƙauye ya baza wata gajeriyar dawa yana yi mata kirari. Gwaggo ta tsaya, ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta tambaye shi sunanta.

Ya ce, "Iya, wannan ai 'yar Hajo ce. Ba ta jiran ƙarshen damina. Daga wajen ubana na gaje ta, shi kuma a nan Zariya ya samo bayan yunwa."

"Wace ce Hajon?"

"Wata baiwar Allah ce ta zamanin da. An ce waliyyiya ce, ta daɗe da rasuwa."

Maijidda ta buɗe baki za ta yi magana, Gwaggo ta taka mata ƙafa. Ta murza tsabar, ta ce masa, "Ƙwayar ta ƙanƙance. Kana matse shukar da yawa, kuma ba ka zaɓen iri tun a gona. Ka gyara." Ta zuba masa abarsa ta wuce.

To, jama'a, ba ta rasu ba. Tana nan Tudun Wada, a gefen da ke kallon rafi, tana zaune a gindin tsamiya tana gaya wa Maijidda inda ta yi kuskure. Mun gode, Gwaggo. Allah ya jiƙan Salmanu, ya sa aljanna ce makomarsa, ke kuma ya ba ki sauƙin gwiwa da cikawa da imani.

Mu da muka saura, yanzu an koma kwantar da kai ga kasuwa kamar ba a taɓa ganin ta wayam ba. Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko da shimfiɗar tabarma ce, ya tona ya sa wani abu. Ya zaɓi iri ya ajiye, ya koya wa iyalinsa. Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya je ya gaishe da tsohuwar nan tun tana amsa sallama. Ba za ta tambaye ka ko kai ɗan wane ne ba. Za ta tambaye ka ƙasar gidanka, ja ce ko baƙa.